Auna haɗarin yaron da ya yi laifi: da me jami'in walwala zai dogara?

Maman Ummi: Assalamu alaikum, 'yan uwa. Ina aiki a sashen walwalar jama'a na ɗaya daga cikin jihohinmu, kuma abin da kotu take nema a wurinmu idan an gurfanar da yaro shi ne rahoto a kan rayuwarsa: gidansu, karatunsa, abokansa, sannan ra'ayinmu a kan ko za a iya mayar da shi hannun iyayensa ko kuwa sai an ajiye shi a gidan kangararrun yara. Wannan ra'ayi na ƙarshe shi ne mai nauyi, domin sau da yawa a kansa alƙali yake gina hukuncinsa. A wani horo da aka yi mana an nuna mana fom ɗin da ake amfani da shi a Kanada da Amurka, wanda ake ba yaro maki a kan kowace tambaya, a ƙarshe a tara makin a ce haɗarin komawarsa ga laifi ƙarami ne, matsakaici ne ko babba ne. Wasu abokan aikina sun karɓe shi hannu bibbiyu, wasu kuma sun ce shekarun da suka yi suna zama da yara sun fi kowace takarda. Ina neman ra'ayin masana da ke wannan zaure: da me ya kamata mu dogara?

Dakta: Wa alaikumus salam, Hajiya. Fom ɗin da kika siffanta ya yi kama da YLS/CMI, wanda Robert Hoge da Don Andrews suka tsara a Kanada. Tambayoyi 42 ne a cikin fannoni takwas: laifukan baya, yanayin gida da tarbiyya, karatu ko sana'a, abokai, shaye-shaye, yadda yaro yake amfani da lokacin hutunsa, halayyarsa, da kuma irin tunaninsa game da laifi da hukuma. Kafin a yi muhawara a kan fom ɗin, ya kamata a fahimci tunanin da ya haife shi, wanda Andrews da James Bonta da Hoge suka bayyana a 1990. Sun ce yawan kulawar da za a ba mai laifi ya dace da girman haɗarinsa, kuma kulawar ta nufi abubuwan da suke tura shi ga laifi waɗanda za a iya canzawa, sannan a bayar da ita ta hanyar da za ta shige shi gwargwadon shekarunsa da fahimtarsa da al'adarsa.

Ɓangaren da mutane suka fi mantawa shi ne na yaron da haɗarinsa ƙarami ne. Idan aka ɗauke shi aka tsare shi tare da waɗanda suka yi nisa, an raba shi da makarantarsa da maigidansa da uwarsa, wato abubuwan da suka riƙe shi tun farko, an kuma haɗa shi da sababbin malamai a fannin laifi. Wani dogon bincike da Lesley McAra da Susan McVie suka jagoranta a birnin Edinburgh, wanda ya bi yara fiye da 4,000 da suka shiga sakandare a 1998, ya nuna cewa duk lokacin da yaro ya ƙara nutsewa cikin harkar 'yan sanda da shari'a, barin laifi yana ƙara yi masa wuya idan aka kwatanta shi da takwaransa da ya yi irin laifinsa amma ba a zurfafa da shi ba. Saboda haka amfanin auna haɗari na farko shi ne a gane yaron da bai kamata a taɓa tsare shi ba.

Alaramma: Dakta, Allah ya ƙara ilimi. Amma ina da tambaya a kan waɗannan fannoni takwas. Ɗalibina yana da shekara 14, iyayensa suna ƙauye, ba ya zuwa makarantar boko, bayan karatun safe yana fita neman abinci, kuma da dare yana kwana a zaure tare da 'yan uwansa. Idan aka kama shi a kan zargin ɗaukar wani abu a kasuwa, mai cike fom zai rubuta cewa babu kulawar iyaye, babu makaranta, babu abin yi a lokacin hutu. Kafin a tambaye shi ko ya taɓa cutar da wani, makinsa ya riga ya hau. Ɗan mai hali kuwa, wanda yake shan ƙwaya a ɗakinsa, yana da uba a gida da rajista a makaranta, sai ya fito da maki kaɗan. Wannan ma'auni halin yaro yake aunawa, ko talaucin ubansa?

Dakta: Allah ya gafarta Malam, ka taɓa inda matsalar take. An gina tambayoyin ne a ƙasar da kusan kowane yaro yake makaranta kuma yake kwana a gidan iyayensa, don haka wanda ya fita daga wannan tsari a can, fitarsa alama ce ta wata damuwa. A garuruwanmu kuwa dubban yara suna rayuwa a haka ba tare da sun taɓa aikata laifi ba. Abin da tambayar take nema a asali shi ne ko akwai babban da ya san inda yaron yake, wanda zai lura idan bai dawo ba, wanda kuma yaron yake jin nauyinsa. Idan malaminsa yana yin haka, to akwai kulawa. Idan kuma malamin yana da ɗalibai da yawa har bai san wanda ya kwana a waje ba, to babu kulawa, kuma dole a rubuta hakan ko da ba zai yi daɗin ji ba.

Barista: Ina so in ƙara wani abu a kan fannin farko, wato laifukan baya. Abin da ke cikin fayil tarihin kamu ne, kuma kamu ba ya faɗa wa kowa daidai. Idan aka yi samame a tasha ko a bakin kasuwa, yaron da yake kwana a wurin ake kwasa. Wanda ubansa yake da lambar wayar wani babba yakan koma gida kafin a buɗe masa fayil. Idan muka ƙidaya kowane kamu a matsayin maki, mun mayar da son zuciyar da aka yi a jiya ya zama hujjar kimiyya a yau. Ko a Amurka an yi irin wannan ƙorafi a 2016, lokacin da 'yan jaridar ProPublica suka binciki manhajar COMPAS, wadda ake auna haɗarin komawar mutum ga laifi da ita, a wata gunduma ta jihar Florida, suka ce ta fi yi wa baƙar fata kuskuren sanya su cikin masu babban haɗari. Kamfanin da ya yi manhajar ya musanta, masana kuma sun daɗe suna jayayya a kan lissafin, amma tambayar ta zauna. Shawarata ita ce a ƙidaya abin da kotu ta tabbatar kaɗai, sauran kuma a ambace shi a matsayin zargi.

Akwai kuma matsalar da take gaban duk wannan, wato shekaru. Sashe na 50 na kundin dokar laifuka na Arewa, wato Penal Code, ya ce yaron da bai kai shekara 7 ba ba ya da alhakin laifi, wanda yake tsakanin 7 da 12 kuma sai an nuna cewa hankalinsa ya kai ya gane abin da ya aikata. Dokar Haƙƙin Yara ta 2003 ta ɗauki duk wanda bai kai 18 ba a matsayin yaro, jihohi kuma suka riƙa kafa nasu dokokin a hankali, Kano ta sanya hannu a kan tata a 2023. Amma yawancin yaran da nake karewa ba su da takardar haihuwa, kuma na sha ganin an rubuta wa ɗan shekara 15 shekara 19 a takardar tuhuma domin a sauƙaƙa kai shi gidan yari. Yaron da aka yi wa haka ba zai taɓa zuwa teburinki ba, Hajiya.

Ɗan Kasuwa: Ina girmama malamai da lauyoyin da suka yi magana, amma ban ji wanda ya ambaci mu da ake cutarwa ba. Ƙanena yana dawowa daga shago bayan magariba yara biyu suka tare shi, suka ƙwace wayarsa, ɗaya ya yanke shi a hannu, har yanzu yatsunsa biyu ba sa lanƙwasa yadda ya kamata. Wanda aka kama bai wuce shekara 16 ba, kuma ba a daɗe ba muka gan shi a unguwa. A Kano ana kiransu 'yan daba, a Gombe 'yan kalare, a Bauchi da Jos 'yan sara-suka, kuma da yawansu yara ne. Idan wannan aune-aune hanya ce ta nemo wa yaro uzuri, to mu talakawa ne za mu biya kuɗinsa da jininmu.

Maman Ummi: Allah ya ba ƙanenka lafiya, ya mayar masa da alheri. Maganarka tana kan hanya, kuma ba na son a wuce ta da sauri. Yaron da ya fita da wuƙa da niyyar amfani da ita ba ɗaya yake da wanda ya ɗauki kwalin taliya ba, kuma sakin irinsa ba tare da wani ya binciki komai ba shi ne ainihin rashin auna haɗari. Abin da ya faru a unguwarku, ga dukkan alamu, babu wanda ya zauna ya tambayi wa ya ba shi wuƙar, wa yake sayen wayoyin, me yake sha kafin ya fita, kuma hannun wa za a mayar da shi.

Yaya Ta Ingila: Salamu alaikum. Ina aiki da ƙungiyar kula da matasa masu laifi a wata ƙaramar hukuma a Ingila, kuma ina ganin abin da muka koya a nan zai amfani wannan muhawara. An kafa irin ƙungiyoyinmu ne a ƙarƙashin wata doka ta 1998, inda jami'in walwala da ɗan sanda da ma'aikacin lafiya da na ilimi suke aiki a ofis ɗaya. Daga 2000 muka yi amfani da fom mai suna Asset, wanda yake tara maki kamar yadda Hajiya ta siffanta. Bayan shekaru aka maye gurbinsa da AssetPlus, kuma ɗaya daga cikin dalilan shi ne ma'aikata sun koma cike gurabe suna tara lamba, labarin yaron kuma ya ɓace a tsakanin lambobin.

Abin da na fi so ku ɗauka shi ne raba tambayar gida uku, domin kalmar haɗari tana rufe abubuwa daban-daban. Akwai yiwuwar yaro ya sake yin laifi kowane iri. Akwai yiwuwar ya yi wa wani mummunar illa. Akwai kuma haɗarin da shi kansa yake ciki, na duka ko yunwa ko cin zarafi ko ya kashe kansa. Yaron da yake satar ƙananan abubuwa kullum zai iya zama mai yawan komawa ga laifi amma ba mai haɗari ga rayukan mutane ba. Wanda ya yanki ƙanen ɗan uwanmu kuma zai yiwu wannan ne kamunsa na farko, tarihinsa fari fat, amma amsar tambaya ta biyu a kansa babba ce. Idan aka haɗa ukun a lamba ɗaya, sai a tsare na farko a saki na biyu. Sau da yawa kuma za ka tarar yaron da ya fi zama haɗari ga mutane shi ne wanda wani babba yake amfani da shi, yana ba shi ƙwaya yana karɓar kayan sata, don haka tambaya ta biyu da ta uku suna haɗuwa a kan mutum ɗaya.

Ɗan Kasuwa: Yaya, wannan rabe-raben na fahimce shi, kuma na yarda da shi idan har tambaya ta biyu za ta sa a riƙe mai wuƙa. Amma wa zai ji ta bakinmu kafin a rubuta rahoton?

Yaya Ta Ingila: A wurinmu ana tuntuɓar wanda aka cuta, a ji yadda abin ya shafe shi, kuma idan ya yarda akan shirya zaman da yaron zai fuskance shi. Ku ma kuna da asalin wannan a sulhun da ake yi a gaban mai unguwa, in dai ba za a matsa wa wanda aka cuta ya yafe dole ba.

Baba Mai Ritaya: 'Ya'yana, ku bari tsohon gandiroba ya sa baki. Na yi aiki a gidajen yari har na yi ritaya, kuma abin da Dakta ya kawo daga bincike ni da idona na gan shi. Yaro yakan shigo a kan faɗa ko ƙaramar sata yana kuka yana kiran uwarsa, a ajiye shi a ɗakin masu jiran shari'a, bayan watanni ya daina kukan, ya koyi yaren ɗakin, ya sami uban gida a ciki. Ranar da zai fita yana da adireshin mutanen da zai nema. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, amma ba a faɗa mana cewa masu tanƙwarawar suna iya zama 'yan fashi ba.

Ku kuma lura da inda za a kai yaron idan rahoto ya ce a tsare shi. Dokar gidajen horon matasa ta 1962 ta tanadi wurare domin 'yan shekara 16 zuwa 21, kuma waɗanda aka daɗe da sani su ne na Kakuri a Kaduna, da na Ilorin, da na Abeokuta. Jihohi suna da gidajen ajiye yara, irin na Goron Dutse a Kano, amma ba kowace jiha take da wanda yake aiki sosai ba. Dokar 2019 da ta canza sunan hukumarmu zuwa ta gyaran hali ta kawo sashen hukuncin da ba na tsarewa ba, sai dai ma'aikata da kuɗin bibiya su ne ba su wadata ba. Saboda haka, 'yata, duk lokacin da za ki rubuta a tsare yaro, ki fara zuwa ki ga ɗakin da zai kwana.

Barista: Baba ya yi gaskiya. Dokar 2003 da yarjejeniyar haƙƙin yara ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta 1989 duk sun ce tsare yaro shi ne mataki na ƙarshe kuma na mafi ƙarancin lokaci, dokar tamu ma ta ba 'yan sanda da masu gabatar da ƙara damar kashe ƙananan laifuka ta hanyar sulhu da sa ido ba tare da an je kotu ba. Kowa ya ga abin da ya faru a Nuwamba 2024, lokacin da aka gurfanar da yaran da aka kama a zanga-zangar Agusta a Babbar Kotun Tarayya da ke Abuja bayan watanni a tsare, wasu suka faɗi a cikin kotu, har shugaban ƙasa ya ba da umarnin a sake su. Girman sunan tuhumar aka duba, ba a dubi kowane yaro shi kaɗai ba. Wannan shi ne abin da rahoton jami'in walwala ya kamata ya hana.

Dakta: Hajiya, bari in koma ga tambayarki ta farko, domin ban goyi bayan abokan aikinki masu cewa gogewa kaɗai ta isa ba. Gogaggen ma'aikaci ma yana da yaron da yake burge shi da wanda fuskarsa ba ta yi masa ba, kuma yaro mai ladabi a baki yakan sami rahoto mai kyau fiye da mai taurin kai ko da na farkon ya fi haɗari. Amfanin jerin tambayoyi shi ne ya tilasta wa kowa ya duba abubuwa iri ɗaya a kan kowane yaro. Akwai hanya ta tsakiya, kuma misalinta shi ne SAVRY, wanda aka tsara domin auna haɗarin tashin hankali a tsakanin 'yan shekara 12 zuwa 18. Yana da abubuwan haɗari 24 da abubuwan kariya 6, kamar shaƙuwa da wani babba na kirki da himma a karatu, kuma ba a tara maki a cikinsa. Ma'aikaci yana duba kowane abu, sannan ya yanke ra'ayi ya rubuta dalilinsa. Irin wannan ya fi dacewa da mu, domin iyakokin maki na Kanada an samo su ne daga bin diddigin yaran Kanada. Kafin mu sami namu, sai ofisoshinku sun riƙa ajiye bayanin abin da ya faru da kowane yaro bayan shekara ɗaya ko biyu, jami'o'inmu kuma su yi nazarinsa.

Abu na biyu, kada ra'ayin da aka rubuta yau ya bi yaro har abada. Masaniyar halayyar ɗan Adam Terrie Moffitt ta nuna tun 1993 cewa mafi yawan masu laifi a ƙuruciya suna bari da kansu idan suka girma, kaɗan ne suke ɗorewa. Ɗan shekara 15 yana canzawa cikin watanni, don haka a sake dubawa bayan wata shida, ko da zarar wani babban abu ya faru, kamar rasuwar uba ko samun sana'a ko komawa shan sholisho.

Alaramma: Wannan ya kwanta mini a rai, Dakta. A addini ma an ɗauke alƙalami daga kan yaro har sai ya balaga, amma ba a ɗauke wa manya nauyin tarbiyyarsa da biyan abin da ya ɓata ba. Ina roƙon Hajiya, idan ɗalibin tsangaya ya zo hannunku, ku nemi malaminsa ku zauna da shi, kuma ku nemi a kira mahaifinsa daga ƙauye. Da yawa daga cikinmu za mu tsaya wa yaro idan aka tambaye mu, kuma wanda ya ƙi zuwa, ƙin nasa ma amsa ce da za ku rubuta.

Maman Ummi: In sha Allahu, Malam. Zan kai wa shugabar sashenmu shawarar mu raba ƙarshen rahotonmu zuwa tambayoyi ukun da Yaya ta kawo, mu ƙara gurbin wanda zai tsaya wa yaro da gurbin bayanin wanda aka cuta. Tambaya ta uku za ta fi amfani ga 'yan mata, domin yawancin waɗanda ake kawo mana an kama su ne a kan yawo ko gudu daga gida, kuma idan aka zauna da su a keɓe sai a tarar abin da suka gudu daga gare shi yana cikin gidan da ake shirin mayar da su. Barista, saura abu ɗaya: wani lokaci ana neman rahotonmu tun kafin a tabbatar da laifi. Yaya za mu yi da abin da yaro ya faɗa mana game da laifin kansa?

Barista: Ki kiyaye wannan sosai, Hajiya. Kafin kotu ta tabbatar da laifi, rahotonki ya tsaya a kan abin da ya shafi beli: ina zai zauna, wa zai tsaya masa, ko akwai barazana gare shi ko ga mai ƙara. Kada ki tambaye shi yadda abin ya faru, kuma tun farkon zama ki gaya masa da harshen da zai gane cewa abin da ya faɗa zai iya zuwa gaban alƙali, a gaban mahaifinsa ko malaminsa ko lauyansa. Cikakken bincike a kan laifin da tunaninsa game da shi sai bayan an same shi da laifi, kafin yanke hukunci. Idan kin shirya sabon tsarin rahoton, ki turo mini ta akwatin saƙo in duba sassan da suka shafi doka kafin ki kai wa shugabarku.